Gyaran tsohon gida a Kebbi: tambayoyin da magada da masu gida suka fi yi

Waɗannan tambayoyi su ne ke ta dawowa a bakin waɗanda tsohon gida ya faɗo hannunsu, ko na ƙasa ne irin na cikin garin Argungu da Gwandu da Jega, ko na bulo da ya haura shekara arba'in. Duk inda aka ce buhu, buhun siminti mai kilo 50 ake nufi. Inda aka ce kwano wajen awo, kwanon ɗaukar yashi na birkiloli ne, kuma buhu ɗaya kwano biyu ne.

1. Gidanmu na ƙasa ne kuma ya tsufa. A gyara ko a rushe a yi na bulo?

Shekaru ba su ne ma'auni ba. Gidan tarihi na Kanta da ke Argungu tsohuwar fada ce tun ƙarni na 19, an mayar da ita gidan tarihi a 1958, ga shi nan tsaye saboda ana kula da shi. A gefe guda akwai ɗakunan bulo da ba su kai shekara goma sha biyar ba sun dare gida biyu. Abin da ke kashe ginin ƙasa ruwa ne, ta sama ko ta ƙasa, sai gara ta biyo baya.

Abu uku za a duba, ɗaki bayan ɗaki. Na ɗaya gindin bango: in abin da ya zaizaye bai kai kashi ɗaya cikin uku na kaurin bangon ba, yana gyaruwa. Na biyu miƙewarsa, yadda ake aunawa na cikin amsa ta 8. Na uku azara, duba amsa ta 9. Ɗakin da ya tsallake ukun nan asara ce a rushe shi, domin bango mai kaurin rabin mita yana ba da sanyin da bulo mai inci 9 ba zai taɓa bayarwa ba a watan Afrilu. Sau da yawa hukuncin ba na gida ɗungurungum ba ne: a bar zaure da ɗakuna biyu, a sauke na ukun da ya ruɓe.

2. Ba a raba gado ba. Zan iya sa kuɗina in fara gyara?

Kar a sauke ko tifa ɗaya ta yashi kafin a zauna. Gidan da ba a raba ba na dukkan magada ne, har da 'yan'uwa mata da ke gidajen aurensu da matar mamaci. Wanda ya zuba miliyoyi a kai ba tare da yarjejeniya ba, ranar rabo zai tarar kuɗinsa sun narke cikin dukiyar kowa, ko kuma a zarge shi da neman cinye gida. Zumunci da yawa a nan ya yanke.

A tara magada gaban wani babba, baffa ko kawu, da mai unguwa ko limami. A sa magini ya yi wa gidan kuɗi yadda yake kafin a taɓa shi. A rubuta ko abin da za a kashe kyauta ne, ko bashi ne a kan gidan, ko za a cire wa mai shi a ranar rabo. Kowa ya sa hannu, a adana rasit. In akwai marayu ƙanana a cikin magada, a bi ta kotun shari'a. Idan kuma wani ya matsu sai ya sayar da rabonsa, a mazhabar Malikiyya abokan tarayya a gidan da ba a raba ba suna da haƙƙin shuf'a, wato su suka fi bare cancantar saye a kan farashin da aka yi ciniki. Wannan haƙƙi ya hana gidajen gado da yawa fita daga dangi.

3. Kuɗin ba za su isa a yi komai lokaci ɗaya ba. Da me za a fara?

Da ruwa. Rufi da indararo, sannan hanyar da ruwan tsakar gida ke bi ya fita, sannan gindin bango. Bayan su salga da wayar wuta. Yaɓe, daɓe, tayil da fenti su ne na ƙarshe. Mafi yawan mutane daga ƙarshen suke farawa saboda biki ya matso, kuma damina ɗaya ke cinye fentin.

4. Gindin bango yana ta ɓarɓashewa, ga wani fari-fari kamar gishiri. Mene ne?

Zartsi ne. Danshi na hawowa daga ƙasa ɗauke da gishiri, ya bushe a fuskar bango, gishirin ya kumbura ya rugurguza ƙasar. Yawanci yakan tsaya tsakanin gwiwa da ƙugu. An fi ganinsa a garuruwan da ke bakin fadama da gulbi, da bangon da ke jingine da makewayi ko turken dabbobi.

A fara da gano inda ruwan ke fitowa: kwatar maƙwabta, randa da ke tsiyaya, fanfo mai ɗiga, wurin wanke-wanke. In ba a tsayar da wannan ba, duk gyara aikin banza ne. Daga nan a kankare ruɓaɓɓiyar ƙasar har a kai ga mai ƙarfi, a kwashe ta a fitar daga gidan, kar a sake kwaɓa ta domin gishirin na ciki. A cike ramin da tubali ko dutse da sabuwar ƙasa. Ba a yin bangon gaba ɗaya a rana guda: a yi tsawon mita ɗaya, a tsallake mita biyu, a yi wani, sai waɗannan sun bushe a dawo kan na tsakiya. Mai rarake gindin bango daga wannan kusurwa zuwa waccan yana kiran bangon ya faɗo masa.

A ƙarshe a yi dakali a jikin bangon, tsayin santimita 30 zuwa 45, samansa a karkace waje. Kakanninmu ba don zaman hira kaɗai suka yi dakali ba, shi ke karɓar ruwan da ke fantsamowa.

5. An yi titi da kwata, yanzu gidanmu ya koma rami. Ya za a yi?

Wannan na damun tsofaffin unguwanni sosai, domin duk aikin titi yana ɗaga ƙasa. A ɗaga dokin ƙofar zaure ya ɗara bakin kwata da aƙalla santimita 15, a yi matakala ta ciki. A cike tsakar gida da jar ƙasa, a daddaɓe ta shimfiɗa-shimfiɗa, kowace kada ta wuce santimita 15, da gangaren santimita 2 a kowace mita zuwa rariya. Kada cikon ya taɓa bangon ƙasa kai tsaye, sai an yi dakalin da aka faɗa a amsa ta 4. In rariyar ta koma ƙasa da kwata, a toshe ta a buɗe wata ta inda ƙasa ta gangara, ko a haƙa ramin tsotse ruwa a tsakiyar fili, nesa da kowane bango da mita 3 ko fiye.

6. Me zai hana in shafe bangon ƙasa da filastar siminti in huta?

Siminti da ƙasa ba sa kama juna. Zafi da sanyi na motsa su daban-daban, sai filastar ta saki, ta tsage siriri. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita domin siminti ba ya barin bango ya sha iska. Daga waje gida fes, daga ciki ƙasa ta zama kunu, gara kuma ta samu hanya a ɓoye. Ƙwanƙwasa tsohuwar filasta da ɗan dutse: duk inda ta yi ƙarar ganga, ta riga ta rabu da bango.

In dole sai an yi, misali a bangon gabas da ruwan sama ke duka, to a jira bango ya bushe sarai, a kafa ƙusoshi masu inci 4 tazarar santimita 30, a ɗaure ragar waya irin ta kejin kaji, a yi kwaɓi mai laushi, buhu ɗaya ga kwano 16 na yashi, kaurinsa kada ya wuce santimita 2. A bar fuskar ciki da yaɓen ƙasa don danshi ya samu mafita. Kuma a tabbata saman bangon a rufe yake, domin ta nan ruwa ke zurarawa bayan filasta.

7. Har yanzu ana samun makuba da laso? Yaya ake yaɓen da zai daɗe?

Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samunta: a jiƙa shi, ruwan ya yi ja, a kwaɓa ƙasa da shi ko a yayyafa wa daɓe. Tana hana ruwa shiga, amma tana son sabuntawa kamar duk shekara biyu. Laso ya fi ta ƙarko. Haɗinsa katsi, wato dattin da ke kwantawa a gindin marina, gashin jima daga majema, da ruwan dafara, wata tsiro mai yaɗo, kuma shi ake sa wa soro da rawani, wato bangon da ke kewaye saman soro. Wahalarsa yau ita ce marina sun ragu, katsi ya yi wuya. Tsofaffin magina sun san inda ake samu, kuma a garin da ke da Sarkin Magina, daga wurinsa ake fara tambaya.

Ƙasar yaɓe kuwa a gwada ta kafin a saya da yawa. A shafa tafin hannu huɗu a bango, kowanne da yawan yashi daban, a bar su kwana biyu. Wanda ya tsattsage yumɓu ya yi masa yawa, wanda ke zuba in an goga yashi ya yi yawa. A zuba yankakkiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa, wanda ba ya wuya a Kebbi, a tattake, a rufe kwaɓin ya kwana uku zuwa bakwai ana juyawa. A yayyafa wa bango ruwa, a yi shafi biyu sirara maimakon ɗaya mai kauri.

8. Wace tsaga ce ta yaɓe kawai, wace ce mai haɗari?

Tsaga sirara masu kama da saƙar gizo na yaɓe ne. Masu ban tsoro uku ne: wadda ta miƙe a kusurwa tana raba bango biyu, wadda ta tafi a karkace tana faɗi ta sama, alamar harsashi na nutsewa, da wadda ta kwanta a tsakiyar bango inda ya yi ciki. Don a san ko tsaga na tafiya, a manna mata ɗan siminti kamar faɗin tafin hannu, a rubuta kwanan wata a gefe. In ya tsage cikin wata ɗaya ko biyu, ginin na motsi, kuma cike tsagar ba zai yi magani ba sai an gano dalili, wanda galibi ruwa ne ko tsohuwar salga (amsa ta 12).

Karkata kuma da igiya da dutse ake auna ta. A saki igiyar daga saman bango, a auna tazararta da gindin. A tuna bangon tubali dama yakan fi kauri a ƙasa, don haka a auna fuska biyu. In karkatar ta wuce kashi ɗaya cikin shida na kaurin bangon, misali santimita 10 a bango mai 60, a fitar da masu kwana a ɗakin, a tokare shi, a kira magini.

9. Soro na yoyo. A sake yaɓe shi ko a ɗora kwano?

Kafin komai a duba azara. Giginyar da ake yin azara da ita ba ta cika jin gara ba, amma bakinta da ke cikin bango yana ruɓewa in ya daɗe a jiƙe. A soka ƙusa a wurin: in ta shige da hannu, azarar ta mutu. A duba kuma ko rufin ya lotsa a tsakiya. Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙara ƙasa a kan soro kowace shekara ba tare da kankare tsohuwa ba, har nauyin ya fi ƙarfin azara. Azara ɗaya ba a sake mata fiye da ƙafa shida ba tallafi, shi ya sa ɗakuna masu faɗi ke da bakan gizo, wato lanƙwasasshen tallafin rufi da ke tashi daga bango, ko ginshiƙi. Wanda ya cire ginshiƙi don falo ya yi faɗi ya cire abin da ke riƙe da rufin.

In azara na da rai, a kankare, a gyara gangare zuwa indararo, a shafe da laso. Indararo ya fito aƙalla santimita 60 daga bango, a liƙe wuyansa da kyau, a sa dutse inda ruwan ke sauka.

Ɗora kwano a saman soro dabara ce mai kyau, ta fi sauke soron: ƙasa na tare zafi da ƙarar ruwa, kwano na tare ruwa. A bar sarari tsakaninsu iska ta ratsa, a sa raga don jemage da tantabaru. Bakin kwanon ya zarce bango da santimita 45 zuwa 60. Babban abin lura ɗauri ne, domin guguwar farkon damina ba ta wasa. Ƙusa a cikin ƙasa ba ta riƙe komai. A ratsa langalanga ta cikin bango aƙalla santimita 60 ƙasa da samansa, tazarar mita ɗaya da ɗan kai, a naɗe katakon da ita.

10. Gara fa?

A bi hanyarta har shuri, a tone, a sa magani. Duk katakon da zai shiga gini a shafe shi da maganin katako irin Solignum, musamman bakin da aka yanka. Kada katako ya taɓa ƙasa, kada a jingina itacen girki ko karan dawa da bango. Gara danshi take bi, don haka rabin maganinta na cikin amsa ta 4.

11. Ɗakunan duhu ne. Za a iya fasa taga ko faɗaɗa ƙofa?

Za a iya, da sharaɗi. A nisanci kusurwa da aƙalla mita ɗaya, kada kuma a fasa daidai ƙarƙashin inda bakan gizo ya sauka. A tokare rufin tukuna. Linta ake fara sawa kafin a fasa: a sassaƙa rabin kaurin bango, a zura azara ko lintar kankare da ta zarce faɗin tagar da santimita 40 kowane gefe, a cike, a koma ɗaya fuskar a yi haka, sannan a buɗe ƙasanta. Faɗin tagar kada ya wuce mita ɗaya. Ƙananan tagogi biyu da ke kallon juna sun fi babba ɗaya kawo iska, kuma a yi la'akari da kada sabuwar taga ta leƙa tsakar gidan maƙwabci.

12. Muna son banɗaki na zamani a cikin ɗaki, da kuma rufe tsohuwar salga.

Banɗaki a jikin bangon ƙasa shi ne hanya mafi sauri ta kashe ɗaki. A gina shi da bulo a kan harsashinsa, a bar 'yar tazara tsakaninsa da tsohon bango, a haɗa su da ƙofa. Bututun ruwa ya bi fili inda za a ga ɗigarsa, kar a binne shi cikin ƙasar bango. Sokawe ya nisanci gini da mita 3 zuwa 5, ya nisanci rijiya da aƙalla mita 15, in fili ya ba da dama 30, kuma ya kasance ƙasa da rijiyar a gangare.

Tsohuwar salga a zuba mata toka ko farar ƙasa, a cike da ƙasa kaɗan-kaɗan ana daddaɓewa, a bar ta ta ga damina biyu tana zama ana ƙara ciko. Ko bayan haka kar a ɗora bango a kanta. A tambayi tsofaffin gidan inda salgogin da da rijiyoyin da aka binne suke, domin gidan da ya shekara ɗari ba ya rasa uku ko huɗu, kuma babu takardar da ta nuna su.

13. Wayar wuta da sola?

Tsohuwar wayar da robarta ke karyewa a hannu a cire ta duka. Sabuwa ta bi cikin bututun roba a saman bango, ba sai an sassaƙa ba: waya mai lamba 1.5 ga fitilu, 2.5 ga soket, layi daban ga firji da na'urar sanyaya ɗaki, da sandar as a ƙasa, wato ƙarfen da ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa. Matsar da mita aikin kamfanin rarraba wuta ne, wato Kaduna Electric da ke kula da Kebbi. Faifan sola kar a kafa shi a kan soro, ƙusoshinsa za su huda laso. A yi masa ƙafafun ƙarfe a tsakar gida, ya zama rumfa.

14. Namu na bulo ne na shekarun 1970 zuwa 1980. Za a iya ɗora bene?

Sai injiniya mai rajista ya tona harsashin ya gani, kuma sai da izinin hukumar raya birane. Yawancin gidajen lokacin ba su da ginshiƙan kankare, an yi su ne don ɗaukar kwano kawai. A kuma kula da silin da rufin asbesto da aka yi yayi a lokacin: ƙurarsa na jawo mummunar cutar huhu bayan shekaru. Ba a fasa shi, ba a yanka shi da zarto. A jiƙa shi, a kwance shi ɗai-ɗai da takunkumi a fuska, yara su yi nisa. Sabuwar filasta a kan bulo buhu ɗaya ga kwano 12 na yashi, a yi ta ba ta ruwa kwana bakwai.

15. Inna ta ce ba mai taɓa ɗakinta, Baba kuma ya bar wasiyyar kada a rushe zaure. Ya za mu yi?

A fara da sanin cewa ba rigima ba ce. A ɗakin nan aka kawo ta amarya, a nan ta haifi masu son rushe shi, bayan ɗakin aka binne cibiyarsu. Tsohuwar da idonta ya raunana da hannu ta san inda komai yake, in aka kai ta ɗaki mai tayil mai santsi an raba ta da ƙafarta. Kada 'ya'ya su yanke shawara su kawo mata labari. A tura wanda take jin nauyinsa, ƙaninta ko babbar 'yarta, a tambaye ta: "Inna, me ke damunki a ɗakin nan?" Yawanci amsar yoyo ce, ko zafi, ko nisan makewayi, kuma duk ana maganinsu ba tare da an sauke bango ba. In ɗakin ya kai haɗarin da aka faɗa a amsa ta 8, a nuna mata igiyar da idonta, a mayar da sabon a gurbin tsohon, ƙofa na kallon inda take kallo, gado da jeren kwanoninta su koma inda suke.

Zaure kuwa ko ba wasiyya ya cancanci a bar shi. Nan ake sallama, nan ake zaman makoki da karɓar gaisuwar suna, shi ke tsare mutuncin cikin gida daga idon titi. Masu mayar da shi shago sukan gane amfaninsa ranar da aka yi rasuwa. In ana son mota ta shiga, a fasa get a wani gefen katanga.

A tambayi kowane magaji abu ɗaya da ba ya son a rasa. Jerin kan fito gajere: tsohon ƙyaure, dakalin da Malam ke karantarwa a kai, rijiya, bishiyar tsakar gida, zanen da ke goshin zaure. Ƙyaure da azara masu rai suna komawa sabon gini. Darbejiya in ta kusa bango a datse saiwar da ta nufo shi, ba sai an sare ta ba. A ɗauki hoton kowane lungu kafin a fara. Gidan da ke da kabari a ciki, kamar wasu gidajen malamai da sarauta, a kewaye wurin, a kawar da ruwa daga gare shi, a nemi fatawar malamai kafin a yi gini kusa.

16. Wane lokaci ya fi dacewa da aiki?

Daga Nuwamba zuwa Maris: bango ya bushe, an gama girbi, ana samun ma'aikata. Iskar hunturu na busar da siminti da yaɓe da wuri har su tsage, don haka a yi shafi da safe ko la'asar, a rufe da buhuna masu danshi. Aikin rufi ya ƙare kafin Mayu, a ƙasar Zuru da Yauri ma kafin haka, domin ruwa na riga sauka a can.

17. Ambaliya ta kwana a gidanmu, amma bango bai faɗi ba. Mu koma?

Kar a yi gaggawa. Waɗanda suka ga ambaliyar 2020 a garuruwan bakin gulbi sun san bangon ƙasa yakan faɗi bayan ruwa ya janye, lokacin da jiƙaƙƙen gindi ya kasa ɗaukar busasshen sama. A tokare azara daga ciki, a buɗe ƙofofi da tagogi, a kwashe laka daga gindin bango, a ɓamɓare filastar siminti har inda ruwa ya kai don ƙasar ta sha iska. Kada kowa ya kwana ciki sai ƙusa ta daina shiga gindin bangon da hannu, abin da kan ɗauki makonni. Rijiyar gidan a kwashe ta a sa mata sinadarin kulorin kafin a sha, domin ruwan salga ya shiga. Bayan nan a bi amsa ta 4 da ta 8 bango bayan bango, kuma duk ɗakin da za a sake a ɗora shi a kan harsashin dutse ko bulo da ya ɗara alamar da ruwan ya bari da santimita 30.